Babi na Shida: Idan Ta Ƙi Aiki, Wa Za a Kira?

Ƙarshen kowane wata akwai aikin da ake yi a ƙananan asibitocin Ƙaraye da Rogo wanda marar lafiya ba ya gani. Bayan an sallami masu awo da masu kawo yara rigakafi, sai ma'aikaci ya jawo manyan littattafan rajista ya hau ƙidaya: mata nawa suka zo awon ciki, nawa suka haihu a asibiti, yara nawa aka yi wa allurar ƙyanda, mutum nawa gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro. Ya tattara jimillar a takarda, a kai ta sakatariyar ƙaramar hukuma, inda jami'in alƙaluma zai shigar da ita kwamfuta cikin wata manhaja mai suna DHIS2. Ta nan Kano ke gani, ta nan Abuja ke gani, kuma waɗannan lambobi na cikin abin da ake dubawa kafin a yanke yawan allura da maganin da za a turo. In kuma zagayen ɗigon shan inna ya zo, masu duba aiki kan bi sawun ma'aikata unguwa-unguwa da waya a hannu, suna cike fom a wata manhajar da ake kira ODK.

Duka biyun ba a saye su a kanti ba, kuma ba wanda ya karɓi rasit. Irin su ake kira buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda aka bar asalin rubutun umarnin da aka gina su da shi a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya ɗaga tutar wannan ra'ayi a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux. A kan Linux ɗin nan aka gina Android, saboda haka duk mai riƙe da babbar wayar Tecno ko Itel a kasuwar Rogo yana amfani da buɗaɗɗiyar manhaja ko bai taɓa jin sunanta ba. Sai dai lasisin irin waɗannan manhajoji kusan duka yana ɗauke da wani sharaɗi da ba kasafai ake karanta shi ba: an ba ka ita yadda take, babu garanti, in ta jawo maka asara ba ka bin kowa bashi. Don haka tambayar da ke kan wannan babi ba ta wasa ba ce. Ma'aikaciyar da ke tsaye a ƙofar wani gida a Fulatan ta Rogo, rana na dukanta, waya ta ƙi karɓar fom, wa ke da alhakin amsa mata?

An fara ODK a 2008 a Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil a Amurka, ƙarƙashin Farfesa Gaetano Borriello da ɗalibansa, cikinsu har da Carl Hartung da Yaw Anokwa, wanda asalinsa ɗan Gana ne. Abin da suka sa a gaba shi ne wurin da babu sabis: a cike fom a waya ko babu intanet, a haɗa da hoto da alamar wurin da aka tsaya, a adana, sai an samu sabis a tura. DHIS2 kuwa jijiyarta na Afirka ta Kudu, inda aka fara gwada ta farko a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, da haɗin gwiwar Jami'ar Oslo ta Nowe. Sabuwar, mai lamba biyu, an fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yau kuma ma'aikatun lafiya na ƙasashe sama da 70 ke amfani da ita, har da Najeriya.

Yaƙi da shan inna ne ya sa wayar cike fom ta zama kayan aikin yau da kullum a karkarar Kano. Kowa ya san yadda aka dakatar da rigakafin a jihar a 2003, aka dawo da shi a Yulin 2004. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko bayan mutane sun fara buɗe ƙofa, akwai yaran da ba a kai gare su saboda ƙauyensu ba ya cikin taswirar da aka zana da hannu. Daga wajejen 2012 aka koma zana taswira daga hoton tauraron ɗan'adam, ana ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda suka taka da inda suka tsallake, kuma ƙungiyar eHealth Africa da ke da babban ofishi a Kano na cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar an same shi a Sumaila a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Zagayen bai tsaya ba, don akwai wani nau'in da har yanzu ke ɓullowa inda rigakafi ya yi ƙaranci. Wayoyin ma ba su koma akwati ba. Sun bazu zuwa rabon gidan sauro, da maganin kariya daga zazzaɓi da ake ba yara da damina, da ƙidayar manoma, da binciken ɗaliban jami'a, wasu da ODK, wasu da 'yar'uwarta KoboCollect wadda a kanta aka gina ta.

Idan ma'aikaci ya ce "ODK ta lalace," abu huɗu yake iya nufi, kuma shi kansa bai san wanne ba ne. Akwai wayar, akwai manhajar, akwai fom ɗin da wani jami'i a Kano ko Abuja ya tsara ya ɗora, akwai kuma uwar garke, babbar kwamfutar da bayanan ke sauka a cikinta. Gwanintar mai taimako duka tana wurin rarrabe waɗannan huɗun.

Ɗauki maganar alamar wuri. Yawancin fom ba sa barin a wuce sai wayar ta kama inda ake tsaye, kuma in wanda ya tsara fom ɗin bai canza ba, manhajar kan jira har kuskuren awon ya sauko zuwa mita 5 kafin ta karɓa da kanta. A cikin zaure mai rufin kwano, ko ƙarƙashin mangwaro mai duhun ganye, lambar za ta tsaya a 20 ko 30 ta ƙi motsi. A ce wata ma'aikaciya a Zarewa ta Rogo ta kira abokin aikinta tana cewa, "Malam, abin nan tun ɗazu yake juyawa, ko data ce ta ƙare?" Wanda ya taɓa shan wannan wahala ba zai ce ta sayi data ba, don kama tauraro ba ya cin data. Zai ce, "Anti, a ina kike tsaye? Fito tsakar gida inda kike ganin sama, ki ɗan jira." Minti ɗaya ya isa. Amma in ba a samu mai wannan amsa ba, sai a ɓata awa guda, ko a koma bakin titi a kama alamar a can, gida ya fito a taswira a inda babu gida.

Haka kwanan wata. Waya mai arha in batirinta ya mutu ƙurmus, wani lokaci takan farka da tsohuwar shekara, sai fom ya lissafa shekarun yaro ba daidai ba, ko uwar garke ta ƙi amincewa da wayar gaba ɗaya. Haka sabon fom: an gyara tambaya ɗaya da daddare an ɗora, wanda ke da sabis ya sauke sabo, wanda ya kwana a ƙauyen da babu sabis ya wuni yana cike tsoho. Haka wayar da bidiyon biki ya cika har ba ta da wurin ajiye hoto. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifin waɗanda suka rubuta manhajar, kuma babu wanda ke buƙatar injiniya.

Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan nauyi, wadda ba ta waya ba ce ko kaɗan. Fom kan zo da jerin sunayen unguwanni da ƙauyuka, a zaɓi ɗaya. Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma akwai gidajen gona da ke bakin iyakar waɗanda kowane ɓangare ke ɗauka na ɗayan ne. Akwai rugagen Fulani da ke nan da damina, da rani sun tashi. Akwai masunta da manoman rani a gewayen madatsar ruwan Challawa a Ƙaraye, waɗanda zamansu ke bin ruwa. Ga kuma Unguwar Malam da Sabon Gari da Tudun Wada da ake samu fiye da ɗaya a ƙasa guda. In ma'aikaci ya isa wurin da ba ya cikin jeri, abin da ya fi sauƙi shi ne ya zaɓi sunan da ya fi kusa ya wuce. Fom ya tafi, babu wanda ya yi ƙorafi, rugar kuma ta ci gaba da zama babu ita a takarda. Mai unguwa ya san da ita, dagaci ya san da ita, amma babu hanyar da saninsu zai bi ya shiga jerin sai in wani ya ɗauki maganar ya kai ta sama.

To, wa ke amsawa? A zahiri, mutum na farko shi ne na kusa: abokiyar aiki, ko ƙanen miji da ya iya waya, ko yaron da ke shagon caji a bakin kasuwa, wanda ya saba share wayoyi da sabunta manhajoji, ya koyi sana'arsa wurin wani da ya koya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. In ta gagare su sai a kira jami'in mazaɓa, shi kuma ya kira na ƙaramar hukuma, daga nan sai jiha da ƙungiyoyin da ke tallafa wa aikin. Can ƙarshen layin akwai wani taro da yawancin ma'aikatanmu ba su san da shi ba: dubban masu amfani da manhajar a Kenya da Indiya da Uganda da sauran wurare, tare da 'yan tsirarun da ke rubuta ta, suna tambayar juna suna amsa wa juna kyauta. DHIS2 ma tana da nata jama'ar, da rassan da ake kira HISP a ƙasashe da dama, har da Najeriya, da kwasa-kwasan horaswa da ake shiryawa yanki-yanki.

Me zai sa mutumin da bai san ka ba, ba kuma za ka biya shi ba, ya zauna ya warware maka matsala? Masana biyu a cibiyar MIT ta Amurka, Karim Lakhani da Eric von Hippel, sun bi diddigin wannan a tsakanin masu amfani da buɗaɗɗiyar manhajar Apache, suka buga sakamakon a 2003. Sun gano cewa kusan kashi 98 cikin 100 na lokacin da masu amsawa ke kashewa yana tafiya ne wurin karanta tambayoyi da amsoshin wasu, abin da su kansu ke ƙaruwa da shi. Rubuta amsar kan ɗauke su mintuna kaɗan, domin yawanci abin da suka riga suka sani suke faɗa. Ke nan ba sai an tara waliyyai tsarin zai yi aiki ba. Abin da yake buƙata shi ne tambaya da amsa su kasance a rubuce, a inda kowa zai gani, yadda wanda ya zo bayan shekara uku da irin matsalar zai nema ya samu ba tare da ya tashi kowa daga barci ba. Shi ya sa masu kula da irin waɗannan manhajoji ba sa son a bi su ta bayan fage da tambaya. Amsar da aka ba mutum ɗaya a ɓoye ta yi aiki sau ɗaya ke nan.

A nan ne namu gefen ya yi rauni, kuma abin yana damuna. Taimakon juna ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ma'aikatan lafiyar karkara kuma sun fi kowa yi. Amma kusan duk taimakon da baki ake yin sa: kiran waya, ko saƙon murya a WhatsApp. Saƙon murya yana da daɗi, ya dace da wanda karatun boko bai zauna masa sosai ba, yana kuma ɗauke da gaisuwa da lallashin da rubutu ba ya ɗauka. Illarsa ita ce ba a iya bincika shi. Jami'in da ya yi bayanin maganar rufin kwano a zagayen watan jiya zai sake yi a na wannan watan, ga sabbin ma'aikata, da muryarsa, da katinsa. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko wayarsa ta faɗa ruwa, ilmin ya tafi da shi. A Ƙaraye a warware abu da safe, a Rogo a kwana ana fama da shi, alhali masarauta ɗaya ce.

Sai harshe. Can sama da Turanci ake magana, wani lokaci da Faransanci ko Sifaniyanci. Mai tambaya kuma ana so ya faɗi irin wayarsa, da lambar zubin manhajar, da abin da ya danna, da abin da ya yi tsammani, da ainihin saƙon da ya fito, har ya haɗa da hoton fuskar wayar. Wannan tarbiyya ce da ake koya, ba a haifi kowa da ita ba, kuma ban ga dalilin da zai hana a koyar da ita da Hausa a ranar horaswa ba. Abin takaici, ODK tana ba da damar fom ɗaya ya ɗauki harsuna da yawa, mai cikewa ya zaɓi nasa, amma sau da yawa fom kan iso da Turanci zalla. Sai ma'aikaciya ta riƙa fassara tambaya a ka, a ƙofar gida, kowacce da irin tata fassarar. Shafi ɗaya ne a jadawalin da ake tsara fom ɗin da shi. Ba a cike shi ne saboda ba wanda ya nema da ƙarfi.

Abu na uku ya fi wuyar faɗa, shi ne tsoro. Mai aikin wucin gadi da alawus ɗinsa ya rataya a kan adadin fom ɗin da ya tura ba zai so ya zama shi ne kullum mai cewa abu ya ƙi ba. Yana gudun a ce bai iya ba, zagaye na gaba a cire sunansa. Mace kuma, musamman matar aure, ba kowane lokaci za ta iya kiran jami'i namiji da daddare tana tambaya ba, ko ta yi magana a taron da maza suka cika. Sai a koma dabara: a cike fom goma a zaune wuri ɗaya, a sa kowace lamba don a wuce tambayar da ta maƙale. Ban ɗora wa waɗannan bayin Allah laifi ba. Duk tsarin da ke hukunta mai kawo rahoton matsala, da hannunsa yake koya wa mutane ɓoye ta. A duniyar buɗaɗɗiyar manhaja, wanda ya gano kuskure ya bayyana shi dalla-dalla ana lissafa shi cikin masu ba da gudummawa, ana gode masa. Da shugabannin aiki a matakin ƙaramar hukuma za su ɗauki wannan ɗabi'a kaɗai, su ce wa ma'aikaci "madalla da ka faɗa" maimakon "kai kullum kai ne," da ingancin alƙaluman da ke zuwa Kano ya canza.

Asarar ba tamu kaɗai ba ce. Masu rubuta manhajar ba su taɓa tsayawa a layin caji ba. Ba su san yadda fuskar waya ke dusashewa a ranar Afrilu ba, ko yadda yatsan da ya sha alli da tawadar shaida ke zamewa a kan gilashi. Abin da suka sani game da wurare irin namu, daga bakin waɗanda suka rubuto musu suka san shi. In ƙorafin ma'aikatan mazaɓar Gwangwan ya mutu a wayar jami'in mazaɓa, za a ci gaba da gyara manhajar daidai da buƙatar waɗanda suka iya kai kuka.

Kada kuma a ɗauka can saman hutawa ake yi. Buɗaɗɗiyar manhaja kamar rijiyar gari take: kowa na zuwa da gugansa, amma ranar yasa mutum biyu ko uku za ka gani a ciki. A Maris ɗin 2024 duniya ta ga inda wannan ke kaiwa. Akwai wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, wadda mutum ɗaya, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana kula da ita ba albashi. A 2022 wasu da suka zo da sunan masu amfani da ita suka dame shi da ƙorafin yana jan ƙafa, ya kamata ya ba wani dama, shi kuma ya riga ya gaji. Wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya daɗe yana taimakawa cikin ladabi, ya samu amincewa, daga baya ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano, saboda ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin maganar. Buɗewar rubutun ce ta ba shi damar tonowa. Gajiyar mutum ɗaya da aka bar wa kaya kuwa ita ta buɗe ƙofar tun farko. Duk mai tura tambaya da faɗa, kamar yana bin bashi, ya kamata ya san wannan labari. Jami'in alƙaluma da wayarsa ba ta hutawa a makon rigakafi ma irin wannan kayan yake ɗauke da shi, ba kuma a rubuta shi cikin aikinsa ba.

Kyauta ba ta nufin babu mai biya. Masu ODK suna samun kuɗin shiga ta hanyar karɓar haya daga ƙungiyoyin da ke so a riƙe musu uwar garke, DHIS2 kuma ta daɗe tana dogaro da tallafin gwamnatin Nowe da manyan asusun lafiya na duniya. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta datse yawancin tallafin da take bayarwa a ƙetare, ta kuma rushe hukumar USAID, ayyukan lafiya da dama a Afirka suka girgiza. A irin wannan rana ake ganin amfanin buɗaɗɗiyar manhaja, don ba wanda zai zo ya ce lasisi ya ƙare a kashe kwamfuta. Manhajar tana nan, bayanan na ƙasa ne. Wanda ke tafiya in kwangila ta ƙare shi ne mutumin da ake kira in ta ƙi aiki, da kuɗin data, da mai gyara fom. Saboda haka jihar da ke son tsayawa da ƙafarta ba sabuwar manhaja ya kamata ta fara nema ba. Ta fara da mutanen da suka san ta yanzu ciki da waje.

Ƙaraye da Rogo mazaɓu goma-goma gare su, ashirin ke nan, kuma tun 2024 su biyun ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye. Wannan ƙasa ba ta yi girman da za a kasa sanin juna ba. A kowace mazaɓa akwai wanda kowa ya san shi ake kira in waya ta rikice. A san da shi a hukumance, a sa masa kuɗin kati, a kuma tabbatar akwai mace a cikinsu da mata za su kira ba tare da nauyi ba. A ɗora wa mutum ɗaya a kowace ƙaramar hukuma aikin sauraron saƙonnin muryar nan bayan kowane zagaye, ya rubuta tambayar da amsarta da Hausa, gajeru, da hoton fuskar waya. Shafi goma sun isa farawa, a buga a manna a bangon asibiti, a kuma ajiye inda za a iya nema a waya. Abin da ya gagari kowa, shi za a fassara zuwa Turanci a tura sama da cikakken bayani, in amsa ta dawo a mayar da ita Hausa.

Masu yin wannan ba su yi nisa ba. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano a Kusalla yake, cikin Ƙaraye, kuma kowane rukuni akwai waɗanda suka karanta ilmin kwamfuta, waɗanda galibi ake rarraba su birni. Akwai 'ya'yan yankin da ke karatu a Jami'ar Bayero da ta Aliko Dangote a Wudil, da ke neman abin da za su yi aikin kammala digiri a kai. Ɗalibin da ya zauna da jami'in rigakafi da dagatai ya gyara jerin ƙauyukan mazaɓa ɗaya, ko ya fassara fom ɗaya zuwa Hausar da za a iya karanta wa tsohuwa a ƙofar ɗakinta, ko ya koyi rubuta rahoton kuskure har masu manhajar su karɓa su gyara, ya yi aikin da za a iya nunawa, da sunansa a jiki, wanda duk mai ɗaukar aiki a ko'ina zai iya dubawa. Abin da ya rage shi ne shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya rubuta takardar neman a turo masa biyu daga cikinsu, ya kuma ba su teburi da soket kusa da na jami'in alƙaluma.